Maganin 'Yata a Hannun Ubangidana

Ƙarfe 3 na dare muka isa asibiti da babbar 'yata, lokacin tana da shekara 9. Sikila ce ta tashi, ta kama ta a ƙashin baya da gwiwoyi, irin tashin da yaro ba ya iya ko kuka sai nishi. Duk wanda ya yi jinyar mai sikila ya san wannan dare. Ka riƙe hannun yarinya, idonka na kan ledar ƙarin ruwa tana ɗiga, kana ƙirga mintoci kafin allurar kashe zafi ta fara aiki. Wajen asuba barci ya ɗauke ta. Mahaifiyarta ta dube ni ta ce, "Malam, tashi ka tafi. In ka makara yau ma, ka san halin mutumin nan." Na yi alwala a banɗakin asibiti, na yi salla a wani lungu kusa da matakala, na kama hanyar wurin aiki ban runtsa ba.

Mutumin da take nufi shi ne shugaban sashenmu a wani kamfanin ajiya da rarraba kaya a nan Amurka, inda na shekara 6 ina lissafin kayan da suka shiga da waɗanda suka fita. Ranar na makara da minti 20. A gaban yaran da nake koya wa aiki ya yaɓa mini maganar da ko a kasuwar Singa wani ubangida ya faɗa mini ita, ba zan sake kwana a shagonsa ba. Na haɗiye, na ce ya yi haƙuri. Albashin nasu ba wani abin a zo a gani ba ne, cikin mako 2 zan iya samun irinsa a wani wuri. Abin da ya ɗaure mini baki wani ɗan kati ne da ke aljihuna, katin inshorar lafiya mai ɗauke da sunan kamfanin, wanda da shi aka karɓi 'yata daren jiya. In na fita da fushi, katin ya mutu. Sabon wurin da zan je kuma doka ta ba shi damar ya sa ni jira har kwana 90 kafin ya ba ni nasa. Sikila ba ta san jiran kwana 90 ba.

Tun daga wannan rana nake da ra'ayi guda a kan wannan batu, shekaru kuma sai ƙara mini ƙarfinsa suke yi: zalunci ne a ɗaure lafiyar mutum da ta iyalinsa a ƙugun ubangidansa. Wanda ke riƙe da albashinka ya riƙe maka abu ɗaya. Wanda ke riƙe da albashinka da maganin ɗanka ya riƙe ka gaba ɗaya, har da harshenka.

'Yan'uwa a gida kan yi mamaki in na faɗi haka, don a zatonsu asibiti kyauta ne a ƙasar Turawa. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. A Amurka kusan rabin jama'a, sama da mutum miliyan 150, ta wurin aikinsu ko aikin miji ko mata ko iyaye suke samun inshorar lafiya. Tsofaffi daga shekara 65 gwamnati ce ke ɗaukarsu a shirin Medicare, masu ƙaramin ƙarfi kuma akwai Medicaid. Duk da haka, a 2023 kimanin mutum miliyan 26 ba su da kowace irin inshora. A 2024 matsakaicin kuɗin inshorar iyali ta wurin aiki ya haura dala 25,000 a shekara, ma'aikaci na biyan sama da 6,000 daga albashinsa, kamfani ya cika sauran. Kuma riƙe katin bai sa ka tsira ba. Akwai wani adadi da sai ka fara biya daga aljihunka kowace shekara kafin inshora ta sa hannu, akwai ɗan kason da za ka riƙa bayarwa duk zuwa, akwai kuma jerin likitocin da kamfanin inshora ya yarda da su, in ka kauce musu lissafin na kanka. Wani bincike da aka fitar a 2022 ya nuna kusan mutum miliyan 100 a ƙasar na ɗauke da bashin asibiti ko na magani, da yawansu kuma suna da inshora.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ba wanda ya zauna ya tsara wannan abu da gangan. Tsautsayi ne na zamanin yaƙi da aka bari ya yi jijiya. Tushensa mai kyau ne ma. A 1929 asibitin Jami'ar Baylor a birnin Dallas ya yi yarjejeniya da malaman makaranta: kowa ya riƙa zuba kwabo 50 na dala a wata, in ciwo ya kwantar da shi yana da kwana 21 a gadon asibiti. Adashi ne wannan, irin wanda iyayenmu mata suka sani, sai dai kwasar ta mai ciwo ce. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu, samari suka tafi fagen fama, masana'antu suka rasa hannu, sai a 1942 gwamnati ta hana kamfanoni ƙara albashi yadda suke so don kada farashin kaya ya tashi. Kamfanoni suka nemi wata hanyar jan ma'aikata, suka fara cewa zo wurinmu mu biya maka asibiti. Hukuma ta ce wannan ba ƙarin albashi ba ne. A 1954 majalisa ta rubuta a dokar haraji cewa kuɗin da kamfani ya zuba wa ma'aikaci a inshorar lafiya ba a cire masa haraji. Shi ke nan, igiya ta ƙullu.

An so a kwance ta tun da wuri. A watan Nuwamban 1945 Shugaba Harry Truman ya kai wa majalisa buƙatar a yi inshorar lafiya ta ƙasa wadda za ta haɗa kowa. Ƙungiyar likitocin Amurka ta tashi haiƙan, ta sa kowane ɗanta ya ba da dala 25 na yaƙin farfaganda, aka cika ƙasa da cewa wannan gurguzu ne ake son shigowa da shi ta ƙofar asibiti. A zamanin da ake tsoron Tarayyar Sobiyet, wannan kalma kaɗai ta isa ta kashe magana. A daidai waɗannan shekaru Birtaniya, wadda yaƙi ya bari da bashi da kangon gidaje, ta buɗe hukumar lafiyarta ta NHS ranar 5 ga Yulin 1948, ta ce kowa ya zo a duba shi ba tare da an tambayi aljihunsa ba. Truman bai samu abin da ya nema ba. Sai bayan shekara 20, a 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya je har garinsu Truman a jihar Missouri ya sa hannu a dokar Medicare da Medicaid, ya miƙa wa tsohon katin farko. Ke nan Amurka ta yarda cewa gwamnati na iya biya wa mutum asibiti, amma sai ya tsufa ko ya talauce ko ya naƙasa. Wanda ke tsakiya, mai jini a jika da 'ya'ya ƙanana, aka bar shi da ubangidansa.

Da a ce ma'aikaci a Amurka na da kariya mai ƙarfi, da abin ya zo da sauƙi. Babu. A jihohi 49 cikin 50, ban da Montana, ƙa'idar ita ce ubangida na iya sallamarka a kowace rana, da dalili ko ba dalili, muddin ba a tabbatar don launin fatarka ko addininka ko jinsinka ko makamancin haka ya yi ba. Tabbatarwar kuma aikinka ne, da kuɗin lauyanka. Babu dokar tarayya da ta tilasta a biya ka ranar da ka kwanta ciwo, sai dai wasu jihohi da birane da suka yi tasu. Babu dokar tarayya da ta ba mai jego a kamfani hutun haihuwa da albashi. Abin da ke akwai dokar 1993 ce, wadda ta ba da hutun mako 12 ba ko sisi, kuma sai kamfanin na da ma'aikata 50, sai ka shekara a wurin, sai ka yi aikin awa 1,250 a shekarar da ta wuce. Sama da kashi 40 cikin 100 na ma'aikata ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Ƙungiyoyin ƙwadago da za su tsaya wa mutum sun rame: a shekarun 1950 kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikata 'yan ƙungiya ne, yau kusan kashi 10 cikin 100 ne, a kamfanoni masu zaman kansu ma kusan kashi 6.

Ni na cika sharuɗɗan hutun nan, na kuma riƙa gutsurarsa kwana ɗaya, kwana biyu, duk lokacin da jikin yarinyar ya motsa. Kowace ranar da na ɗauka babu albashi, kuma kowace rana ina ganin yadda kallon da ake mini ke sauyawa. Bayan shekara 2 da wancan dare aka ce za a rage ma'aikata. Ranar wata Juma'a aka kira ni ofis, aka ba ni kwali in zuba kayana, aka ce inshorata za ta ƙare ƙarshen wata. Ba wanda ya ambaci hutun da nake ɗauka, ni ma ba ni da hujjar da zan kai kotu.

Bayan 'yan kwanaki wasiƙa ta zo. Har yanzu ina ganinta a kan teburin kicin, kusa da kwalbar maganin da yarinyar ke sha kullum da safe. Akwai doka tun tsakiyar shekarun 1980, ana ce mata COBRA, wadda ta ba wanda ya rasa aiki damar ci gaba da inshorarsa har wata 18, da sharaɗin ya biya duka, nasa da na kamfani, har da ƙarin kashi 2 cikin 100 na ɗawainiya. Namu ya kama dala 1,700 da ɗoriya a wata, ya fi kuɗin hayar gidanmu. Mutum ba shi da aiki, an ce ya kawo wannan. Ɗaya hanyar ita ce kasuwar inshora da dokar Obama ta 2010 ta buɗe, inda gwamnati ke tallafa wa mutum gwargwadon samunsa. Na duba, na samu mai sauƙi, amma likitar jinin da ta san 'yata tun tana rarrafe ba ta cikin jerinsu, kuma kuɗin nan da ake fara biya daga aljihu, wanda mun riga mun cika na shekarar, zai koma farko. Gaba kura, baya sayaki. Mahaifiyarta ta ciro sarƙa da 'yan kunnen da ta zo da su daga gida ta ajiye a gabana, ta ce, "Malam, ba don irin wannan ranar aka ajiye su ba?" Da su da taimakon 'yan'uwa na masallaci muka biya wata 3, har Allah ya kawo wani aikin.

Ba na raina dokar Obama. Kafin ta, kamfanin inshora na iya ƙin sayar wa iyali irin nawa inshora don kawai yarinya ta zo duniya da sikila. Ta hana wannan, ta bar 'ya'ya a kan katin iyayensu har shekara 26, ta kuma rage yawan marasa inshora da miliyoyi. Sai dai ta yi gini ne a kan tsohon harsashi. Ta ce kamfani mai ma'aikata 50 ya ba wa duk mai aikin awa 30 a mako inshora, sai ga mutane a kantuna da gidajen abinci ana rubuta musu awa 28 ko 29. Na san mata 'yan Afirka ta Yamma da ke haɗa irin wannan aiki biyu, su yi awa 50 da wani abu a mako, ba ɗaya da ya ba su kati. A 2012 kuma Kotun Ƙoli ta ce jihohi na da zaɓin faɗaɗa Medicaid ko ƙi, har zuwa 2024 jihohi 10, ciki har da Texas da Florida, ba su faɗaɗa ba. A 2017 wani saurayi a jihar Minnesota, manajan gidan abinci mai ciwon suga, ya cika shekara 26 ya sauka daga katin mahaifiyarsa. Aikinsa ba ya ba da inshora, insulin da kayan gwaji kuma sun kai kusan dala 1,300 a wata. Ya riƙa tsimin allurar yana jiran ranar albashi. Bai cika wata guda ba aka tsinci gawarsa a ɗakinsa. A 2020 jihar ta yi dokar samar da insulin na gaggawa ta sa mata sunansa.

Wanda ke shakkar cewa katin nan makami ne, ya dubi abin da ya faru a watan Satumban 2019. Ma'aikatan kamfanin motoci na General Motors kusan 50,000 suka shiga yajin aiki. Kwana 2 da farawa kamfanin ya sanar ya daina biyan inshorarsu. A cikinsu akwai masu jinyar daji, akwai masu mata da tsohon ciki. Surutun jama'a ya sa ya mayar bayan kwanaki kaɗan, amma saƙon ya isa kunnen kowane ma'aikaci a ƙasar. Bayan wata 7 annobar korona ta zo, a watan Afrilun 2020 kaɗai ayyuka sama da miliyan 20 suka salwanta. A daidai lokacin da mutane suka fi bukatar likita, a lokacin ne tsarin ya riƙa zare musu kati.

Masu adawa da inshorar kowa da kowa na da hujjoji, kuma ban ɗauke su mahaukata ba, wasunsu maƙwabtana ne da muke gaisawa kullum. Ta farko haraji. Suna cewa in gwamnati ta ɗauki nauyin kowa, haraji zai tashi. Gaskiya ne zai tashi. Amma dala 25,000 ɗin nan da ake zubawa a kan iyali, daga ina take fitowa? Kason da ake cewa na kamfani ne, guminka ne da bai iso aljihunka ba, masana tattalin arziki na kowane ɓangare sun yarda da haka. Ana riga ana cire maka, sunan ne kawai daban, kuma wannan cirewar ranar da aka kore ka ba ta bar maka komai. A 2023 Amurka ta kashe dala tiriliyan 4.9 a harkar lafiya, wato kashi 17.6 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa, sama da dala 14,000 a kan kowane mutum. Jamus da Faransa da Kanada da Birtaniya na kashe kashi 11 zuwa 13 ne, sun kuma ɗauki nauyin kowa, matsakaicin tsawon ran mutanensu ya haura shekara 80, na Amurka yana wajen 78. Mai biyan kuɗi mafi yawa a duniya bai kamata a same shi da miliyan 26 a waje ba.

Ta biyu layi. Suna nuna Ingila, inda a 2023 jerin masu jiran aiki a asibitocin NHS ya haura miliyan 7 da rabi, suna nuna Kanada inda mutum kan yi watanni yana jiran a sauya masa gwiwa. Wannan ma gaskiya ne, kuma duk mai son inshorar kowa da kowa da ya ɓoye shi ya cuci maganarsa. Amma a Amurka ma akwai layi, ba a rubuta shi ne kawai. Mutumin da ya ji ƙullutu a jikinsa ya ce bari sai sabuwar shekara in na samu aiki mai kati, a layi yake. Matar da ke raba ƙwayar hawan jini biyu don ta kai ƙarshen wata, a layi take. Bambancin shi ne a can likita ke duba wa ya fi bukata a fara da shi, a nan aljihu ke dubawa.

Ta uku ita ce ta fi tsaya mini a rai, don daga bakin ma'aikata ta fito. A 2020, lokacin da Sanata Bernie Sanders ke neman takara da alƙawarin Medicare ga kowa, shugabannin ƙungiyar ma'aikatan otel da gidajen abinci ta Las Vegas suka nuna adawa. Sun shekara da shekaru suna yajin aiki, suna haƙura da ƙarin albashi, har suka gina inshora mai kyau da asibitinsu na kansu. Suna tsoron a karɓe musu tsuntsun da ke hannu a ce su jira na sama. Na fahimce su sarai. Amma ina tambaya: shekara nawa ƙungiyoyin ƙwadago suka ɓata a teburin sulhu suna kare katin asibiti, maimakon su nemi albashi da hutu da tsaron lafiya a wurin aiki? Ma'aikacin Kanada in ya shiga yaji, a kan kuɗi da mutunci yake yi, likitan ɗansa ba ya cikin cinikin. Wata guda bayan waccan muhawara korona ta rufe otel-otel ɗin Las Vegas, kusan dukkan 'yan ƙungiyar suka zauna a gida.

Kuma ba dole sai an kwaikwayi Ingila ba. Hanyoyin da yawa. Jamus tun 1883, zamanin Bismarck, daga albashi ake cire kuɗin asusun jinya, ma'aikaci da kamfani su raba. Amma asusun ba na kamfani ba ne, naka ne, in ka sauya aiki yana biye da kai, in ka rasa aiki hukuma ta ci gaba da zuba maka. Kanada daga lardi ɗaya ta fara, Saskatchewan, ƙarƙashin Tommy Douglas a 1947, kuma a 1962 likitocin lardin suka yi yajin aiki na kwana 23 don su hana faɗaɗa shirin, ba su yi nasara ba. Taiwan ta haɗe nata wuri guda a 1995. Ni ban damu da wace za a ɗauka ba. Sharaɗina ɗaya ne, kada sunan ubangida ya hau kan katin. Abin baƙin ciki, Amurka ta juya ne ta ɗaya gefen. A 2018 jihar Arkansas ta ce sai talaka ya nuna shaidar yana aiki kafin ya ci gaba da Medicaid, cikin 'yan watanni mutum kusan 18,000 suka faɗi daga shirin, da yawansu suna aikin, cike takardu ne ya kayar da su. Duk da haka, a watan Yulin 2025 aka sa hannu a dokar tarayya da za ta ɗora irin wannan sharaɗi na awa 80 a wata a kan miliyoyin manya. Ciwo ne ke hana mutum aiki, sai aka ce sai ya yi aiki za a yi masa magani.

Ina rubuta wannan da Hausa ne don abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Lokacin da Najeriya ta kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, wanda aka yi dokarsa a 1999 aka ƙaddamar a 2005 zamanin Obasanjo, da ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni aka fara, aka kuma sa kamfanonin HMO, masu karɓar kuɗin inshora su biya asibitoci, a tsakiya, salon da Amurka ta yi wa doka tun 1973. Katin ya ɗauki ma'aikaci, da matar aure ɗaya, da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18, ƙari a kan haka sai da ƙarin kuɗi. Na tuna wani yayana ma'aikacin tarayya, mai mata 2 da 'ya'ya 11, zaune a tabarma da fam a gabansa da biro a hannu, ya fi awa bai rubuta komai ba. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya ce, "Wa zan sa, wa zan bari? Kuma da wane ido zan dubi uwar waɗanda na bari?" A ƙarshe ya zaɓi masu yawan laulayi. Shi ma ɗin mai sa'a ne, don a ƙasar da sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki ba su da takardar ɗaukar aiki, manomi da ɗan achaba da mai ƙosai da ɗan dako ba su taɓa ganin fam ɗin ba. Shi ya sa har yau sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita, a sayar da akuya, a jinginar da gona, a yi ta yawo da takardar likita a masallatai.

A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar NHIA wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na marasa ƙarfi. Jihohi irin su Kano sun kafa hukumomin taimakekeniyar lafiya. Mataki ne mai kyau, amma muddin mafi yawan kuɗin daga albashin ma'aikata ake tsammaninsa, za mu sake gina ɗakin da ke yi wa Amurka yoyo, a ƙasar da ma'aikatan albashi 'yan tsiraru ne. Maƙwabta sun nuna wata hanya. Gana a 2003, zamanin Kufuor, ta ɗora kashi 2 da rabi cikin 100 a kan harajin sayen kaya ta zuba a asusun lafiya, don mai sayar da doya a kasuwa ma ya shiga. Nijar tsakanin 2005 da 2006 ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta ne. Duka biyun sun sha fama da jinkirin biyan asibitoci, ba na ɓoye wannan. Tailan a farkon shekarun 2000 ta ɗauki nauyin jinyar kusan kowa da kuɗin haraji alhali ba ta cikin ƙasashe masu arziki. Mu kuwa a Abuja aka taru a 2001 aka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kusantar wannan adadi ba. Ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya yawan haihuwar masu sikila ba ta da uzurin ɗaure magani a jikin takardar albashi.

Yarinyar yanzu shekararta 17. Hannunta na da kyau a ɗinki, ita ke yi wa ƙannenta kayan salla, ta daɗe tana cewa in ta gama karatu shagonta za ta buɗe. A Disambar 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wasu hanyoyi 2 na gyaran ƙwayar halitta ga masu sikila, ɗaya dala miliyan 2.2, ɗaya miliyan 3.1, ta karanta labarin ta kuma san cewa ba mai kaiwa can sai da kati mai ƙarfi. Kwanakin baya na same ta a kicin, a kan teburin nan dai, tana cike takardun neman jami'a. Ta ɗago ta ce, "Abba, wane irin aiki ne ya fi ba da inshora mai kyau? Shi zan karanta."

Na ce, "Mamana, ɗinkin fa?"

Ta ce, "Mai shagon kansa ba shi da mai biya masa, Abba. Na lissafa, shekara 9 suka rage mini a kan katinka."

Ta mayar da kanta kan takardar. A gurbin da aka tambayi fannin da take so, na ga ta rubuta lissafin kuɗi.